Labulen da Na Riƙe

Leanne 'yata ce, ita kaɗai gare ni. Tana da shekara goma sha shida ta bar makaranta, ta shiga ofishin lauyoyin Mista Hargreave a nan garin Grimsby na Ingila, tana dafa musu shayi tana amsa waya. Ni a kamfanin kifi na ƙare ƙuruciyata, zancen jami'a bai taɓa shiga gidanmu ba. Sai ta ji akwai wata hanya: kana aiki a ofis, kana karatu a gida, kana rubuta jarrabawa ɗaya bayan ɗaya har hukuma ta ba ka shaidar lauya. Shekara da shekaru tana bin hanyar nan. Teburin kicin ɗina ya koma na littattafanta, a kan cinya muke cin soyayyen dankali. Ta faɗi jarrabawar dokar filaye, ta yi kuka, ta sake. Da bazara ta samu shaidar. Kafin Kirsimeti sankara ta ɗauke ta.

A gidan ƙona gawa aka yi jana'izarta, inda kowane iyali da ɗan lokacinsa. Idan ya cika, fasto ya danna maɓalli, labule ya zagaye akwatin, ku fita ta ƙofar gefe, don motar wata gawar tana jira. Mista Hargreave ya roƙa a bar shi ya yi jawabi, na yarda. Ya cinye mana lokacin yana ba da labarin ubansa da ya kafa ofishin. Can a ƙarshe ya tuna da wadda ke cikin akwatin.

Ya ce, "Ba mu taɓa samun yarinyar ofis irin Leanne ba. Shayinta babu na biyu. Har ɗan karatunta na gida ta yi, abin sha'awa."

Ya koma ya zauna. Fasto ya danna maɓalli, labule ya fara tafiya.

Na miƙe. Yayata Bernadette ta kama rigata. "Glenda, zauna. Ba a nan ba."

"A ina to, Yaya? Anjima toka ce."

Na je na damƙe labulen da hannu biyu. Injin labulen ya yi ta gurnani yana ja, ina ja.

Fasto ya ce, "Baiwar Allah, akwai masu jira a waje."

"Su jira. Tasu gawar ba sauri take yi ba." Na juya. "Mista Hargreave, mece ce 'yata?"

Fuskarsa ta yi jawur. "Maman Leanne, ai kowa ya san ƙoƙarinta."

"Ban tambayi kowa ba. Kai na tambaya, mai jami'a."

Ƙanena Desmond ya ɗaga murya daga baya. "Faɗi mana, ranka ya daɗe. Ko sai an biya ka kafin ka buɗe baki?"

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta.

Mista Hargreave ya gyara wuyan rigarsa. "Kin gane, hanyar da ta bi daban ce da tamu."

"Na san hanyar, a kicin ɗina ta bi ta. Ina ta kai ta?"

Ya kalli ƙasa. "Lauya ce."

"Ban ji ba. Injinan kamfani sun cinye min kunne. Tashi ka faɗa inda ka tsaya ɗazu."

Ya tashi. Matarsa tana jan hannunsa, amma ya je ya tsaya. "Leanne Ackroyd lauya ce."

Sai na saki labulen. Ashe na ɓalle shi daga ƙugiyoyinsa a gefe guda, bai rufe duka ba. Muna fita ina hangen kusurwar akwatinta ta wurin.

Bai zo wurin shan shayin makoki ba. Bernadette ta ce na kunyata dangi a gaban mutane, har yau ba ma gaisawa sosai. Ni kuwa fushin bai sauka ba, don na san ba daga zuciyarsa maganar ta fito ba, matse shi na yi. Amma tana nan cikin ɗakin lokacin da ya faɗa, labule bai rufe ba tukuna.