Muryar Masu Takobi a Al Ras

Mu a ɗakinmu na unguwar Al Ras, nan ƙasar Larabawa, ba ma kallon fim ɗin Japan da sauti. Me za mu yi da shi, ga Yaya Mijinyawa? Shi ne babbanmu, ɗaurin kaya yake a kasuwar Naif, ni Ɗalhatu ina ƙarƙashinsa. Duk ran hutu sai ya kashe sautin, ya gyara zama, ya ari bakin kowa. Samurai mai takobi ya fille kan mutum, Yaya ya ce, "Haba malam, daga tambayar hanyar Kurmi?" Ɗan daba ya yanke yatsansa ya kai wa ubangidansa don neman gafara, Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ga tsaraba, ba yawa." Wallahi har Sualah, ɗan Zongon Kumasi mai shegen miskilanci, sai ya faɗo daga gadon sama don dariya.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama Yaya a bakin kwantena. Hannun dama ya tafi, magana ta tafi. Aka yanka masa tikitin Kano. Likita ta ce abin da ya saba da shi zai iya jawo kalma, ni kuwa na rantse ba zai hau jirgi yana bebe ba.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, na jingina shi da filo, na sa fim ɗin da ya fi so, na kashe sauti.

"Yalla Yaya, ga mutanenka."

Ya ƙura wa fim ɗin ido. Sai na karɓa, ni da ko ba'ar kirki ban iya ba. Na yi muryar tsohon ɗan daba kamar akuya mai mura. Da gangan nake ɓatawa, ko ya ji haushi ya gyara min. Sualah yana ta dariyar dole.

Da aka zo wajen yatsan, na ja bakina, na bar masa. Leɓensa ya motsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ba abin da ya fito sai iska da yawu.

Ya sa hannun hagu ya jawo rimot daga cinyata, ya buɗe sautin.

Nan zuciyata ta karye. Shekara da shekaru muna tare da mutanen nan, sai ranar muka fara jin muryarsu, kuma ko kalma ɗaya ba mu gane ba. Na juya bango ina kuka, su kuma suna ta ihu da yarensu.