Wanda Ya Shafe Mini Kore

Ban yi makaranta ba, jikata ce take rubuta wannan, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Maigidana mai fenti ne, shekara talatin da shida yana sana'ar. Duk ranar da ya gama aikin wani gida, ba ya wanke buroshi sai ya dawo ya goge ragowar fentin a katangarmu ta waje. Aiki ɗaya, layi ɗaya. Ja, shuɗi, rawaya, har katangar ta cika. Na ƙarshe kore ne, kusa da ƙofa. Shi kaɗai ya karkace ya dalalo ƙasa, don ranar hannunsa rawa yake yi. Bayan kwana tara ya rasu.

Bara baƙi suka fara zuwa. Su tsaya a jikin katangar, su turo baki, su ɗaga ƙafa ɗaya, wani ya ɗauka da waya. Na ce ba banza ba. Garin nan da girmansa, ga benaye, ga gadoji, sai lungunmu mai kwata? Ko masu rusau ne suke auna gidan, ko ɓarayi ne suke ƙirga tagogi. Na fara zama a bakin ƙofa da tsintsiya, ina haddace fuskoki. Wanda ya fi zuwa wani dogon mai hoto ne, kullum da sababbin mutane a bayansa.

Ran nan na je asibiti a duba mini gwiwa. Na dawo da rana na tarar babu koren. An shafe shi da fari, ko bushewa bai yi ba.

Mai askin da ke kallon gidanmu na fara tarewa.

"Kai ne?"

"Ni da me, Iya? Ni da ko shagona ban yi wa fenti ba."

"Idonka dai yana kan titi duk wanda ya gifta. Yau ne ka makance?"

Ya ce kan mutum yake yi. Ban yarda ba. Na je ofishin 'yan sanda, wanda ke kan tebur ya ce, "Mama, an yi miki fenti kyauta kuma kike kawo ƙara?" Na ce Allah ya sa a yi wa uwarsa irinsa.

Da na koma gida jikata ta ƙi haɗa ido da ni. Ita da ba ta rabuwa da waya, ranar ta kife ta a kan gado.

"Ke, zo nan. Wa ya gaya wa duniya hanyar gidana?"

"Kaka, hoto ɗaya na sa. Sai aka yi ta tambayar ina ne."

"Sai kika faɗa."

"Lungun kawai na faɗa."

Ashe ɓarawon da nake tsaro a waje, a ɗakina yake kwana. Na matsa mata har ta ce dogon mai hoton ya taɓa cewa koren nan yana ɓata masa aiki.

Washegari ya zo da wata mai doguwar riga. Na tare shi da cokali a hannu.

"Sannu, Mama. Kin ga gyara ko? Wurin ya dalalo ne, kamar datti yake fitowa a hoto."

"Dattin nan hannun mijina ne. Ungo. Kankare."

Ya yi dariya. Da ya ga mai aski ya fito, mai wanki ya fito, ni kuma ban motsa ba, sai ya durƙusa. A hankali ya yi, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Amma farin yana tashi, koren yana binsa. Tsohon fenti ne, ya riga ya saki. Muka ƙare da siminti tsirara.

Jikata ce ta miƙo mini wayarta. Ga koren a hotuna, a bayan mutanen da ban sani ba, ɗaya bayan ɗaya, har yatsanta ya gaji da ja.

"Ba na son na waya," na ce wa dogon. "A takarda nake so, babba, wanda zan taɓa."

Ya kawo bayan kwana biyu. Koren ya fito sosai, har inda ya dalalo. Sai dai akwai wata 'yar mutane a gabansa, ta turo baki ta riƙe ƙugu. Ya ce zai iya cire ta. Na ce kada ya ƙara cire mini komai.

Na rataye shi a saman gadona, da ita da bakin nata. Har yanzu suna zuwa, ni ma har yanzu ina bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo lungun da jaka, sai ya buɗe na ga ko akwai gwangwanin fenti.