Notikan Ciki

Kwana tara da rasuwar surukinsa, Makaniki ya je filin da ake jibge motocin da suka yi haɗari. 'Yarsa ce ta aike shi. Dangin mijinta sun fara ƙus-ƙus, wai tayar motarsa da ta fice a kan hanya aikin ubanta ce. Ita kuwa ta ce ƙarya suke yi, a gabanta ya ɗaure ta.

"Baba, ka je ka gani da idonka," in ji ta, "ka zo ka rufe musu baki."

Ya tafi. Ba tsoro yake ji ba, ba kuma baƙin ciki ba. Tun ranar da aka bugo masa waya bai ƙara jin komai ba. Ko abinci aka ajiye masa, sai dai ya ga kwano ya koma wayam.

Surukin, Ɗan Kwalisa ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Mutumin da sai ya goge takalmi zai fita zubar da shara. Shi ya kinkimo wili huɗu masu ƙyalli daga kasuwa, ƙarfen nan da taya ke zama a kai, kowanne huji biyar, alhali motarsa noti huɗu take ci. Makaniki ya ce ba za su shiga ba.

"Haba Baba, a garejinka za a ce abu ya gagara?"

Daɗin baki dai, ya iya shi. Ƙarshe aka nemo adafta, wani faifan ƙarfe mai kauri. Ana ɗaure shi a ƙafar mota da noti huɗu, sannan a ɗora wili a kansa a ɗaure da biyar. Wili na hawa, huɗun nan sun ɓuya ke nan, ba mai sake ganinsu sai an cire taya. Shi ya sa Makaniki ya ja masa kunne, in ya yi sati yana hawa ya dawo a ƙara matse na cikin.

Kuma ya dawo, wannan kam ba mai ɗora masa laifi. Da safen da zai yi tafiyar ya zo, cikin fararen kaya, matarsa a gefe zai sauke ta gida. Jak ɗin ɗaga mota yana ƙarƙashin wata motar, Makaniki ya riga ya wanke hannu zai karya, surukin kuma sai duban agogo yake yi. Sai kawai Makaniki ya ɗauki sifana ya zagaye tayoyin, ya matse na waje ɗaya bayan ɗaya, ya bugi taya da tafin hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Aikin minti ashirin ya gama shi a minti uku.

A filin, mai gadi ya kai shi gaban motar. Wani ya tsinto tayar ya ajiye ta a kujerar baya. Makaniki ya jawo ta, ya kifa ta a ƙasa. Faifan yana nan manne da wilin. Ya zaro sifana daga aljihu ya gwada notikan wajen, duka biyar, ko gezau. Sannan ya dubi huji huɗun ciki. Sun buɗe, sun yi tsayi kamar ƙwai, bakinsu ya goge yana sheƙi. Haka huji yake zama idan noti ya saki, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Shekara talatin yana wannan sana'a, ba sai ya tambayi kowa ba.

Mai gadi ya leƙo, ya girgiza kai. "Masu gyaran yanzu sai addu'a. Aikin ɗan koyo ne ko?"

"A'a," in ji Makaniki. "Babba ne ya yi."

Ya mayar da tayar inda ya same ta, har ya rufe ƙofar motar, ƙofar da ba gilashi.

Ya iske 'yarsa a ɗakin mahaifiyarta tana ninke rigunan mijinta. Sunan mahaifiyar Makaniki ta ci, bai taɓa kiran ta da sunanta ba. Ta kawo masa abinci ta durƙusa.

"Sannu da dawowa, Baba. Ka gani?"

"Na gani."

"A ɗaure suke?"

"Duka biyar. Ko motsi ba su yi ba."

Ta sauke ajiyar zuciya. Rabonsa da ganin fuskarta a sake tun ranar da abin ya faru. Ta jawo waya za ta kira wan mijinta. Makaniki ya sani sarai, duk danginsu ba wanda ya san meye adafta. In ya yi shiru, maganar ta mutu ke nan har abada.

"Ajiye wayar, Uwata," ya ce. "Akwai wasu huɗu a ciki."

"A ciki ina, Baba?"

Ya ɗauke murfin kwanon abincin ya kifa shi a ƙasa tsakaninsu, yadda yake yi wa masu kawo gyara bayani.

"Kin ga wannan, shi ne faifan. Taya a nan take zama, a samansa. Waɗanda kika ga na ɗaure, na nan ne." Muryarsa ta gareji ce, ba ta rawa. Ya juya murfin, ya ɗora yatsa. "A ƙasa kuma akwai ɗaya nan. Biyu. Uku."

Kafin ya kai na huɗu ta bar kallon murfin, ta koma kallon hannunsa, hannun da ya riƙe sifana a wancan safen.