Kujerar Hilda a Ɗakin Maza

In kuka tambayi tsofaffin unguwarmu ta bakin tashar jiragen ruwa a garin Hull tarihin mashayar Jan Zakara, sunayen maza za su jero muku suna hura hanci. Za su ce Kyaftin Oughtred ne ya fara riƙe ta bayan ya gaji da teku, daga shi sai Enoch Tranmer, sai kuma surukinsa Cyril Stathers. Ni da na tsufa a layin, ina feɗe kifi da rana, da yamma in huta a gidan, bari in gaya muku abin da suke tsallakewa. Kyaftin barci yake yi a kan kanta, matarsa ke tsiyaya giya. Enoch tseren karnuka ya sa a gaba, shi ma matarsa ce ta riƙe gidan. Cyril kuwa, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, amma in ka ce ya buɗe gangar giya sai ya jiƙe har gashin kansa. Hilda ce ke komai. 'Yar Enoch ce, matar Cyril, kuma a saman benen mashayar aka haife ta.

Ɗaki biyu ne a gidan. Babba na maza, mai murhu da manyan tagogi. Ƙarami na can baya, nan mu mata muke cunkushe, ana miƙo mana kofin giya ta wata 'yar taga. Mace ta shiga babban ɗaki ta goge tebur, ta kwashe kofuna, ta raba faɗa, duk wannan an yarda. Zama ne ba a yarda ta yi ba.

Ginin na kamfanin giya ne, haya yake bayarwa, kuma sai ga namiji mai mata. In mijin ya mutu, akan ba matar shekara guda ta share hawaye ta ɗaure kayanta. Da Cyril ya rasu, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya, haka aka yi wa Hilda. A wannan shekarar gidan bai canza da komai ba, don dama ba Cyril ke riƙe da shi ba.

Da wa'adi ya kusa cika, sai ga Mista Pocklington, wakilin kamfani, da rana tsaka, hula a hannu. Ranar ban je aiki ba, ina ɗakin baya, kunnena a 'yar taga.

"Uwargida, ba wanda ke da ƙorafi a kan aikinki," in ji shi. "Ka'ida ce kawai. Amma akwai mafita. In kika yi aure kafin ƙarshen wata, sai mu ba mijin haya, ki ci gaba da zamanki."

"Ko wane irin miji?" in ji Hilda.

"In dai bai taɓa zaman gidan yari ba."

"Ko bai san gaban ganga da bayanta ba?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai kina nan, za ki nuna masa."

Kafin yamma labari ya cika layi. Sai ga maza an yi aski, an goge takalma. Har da tsoho Albert da ba shi da haƙori ko ɗaya ya zo da furen da muka san a maƙabarta ya tsinko. Mun yi dariya har da hawaye. Amma cikinsu akwai na gaske, Walt Blenkin, mai tuƙa injin ɗaga kaya a tasha, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa. Shi bai zo da fure ba. Cewa ya yi, "Hilda, sunana kawai za ki ara. Ni in kwana gidana, ke ki kwana naki. Ba na so in ga an fitar da ke."

Ta yi tunanin abin sosai, kada wani ya ce muku ba ta yi ba. Na tarar da ita a bene da safe tana zaune a bakin gadon da aka haife ta a kai, idanunta sun yi ja.

"Ki karɓa mana," na ce. "Walt ba zai dame ki ba. Ina za ki je da shekarunki?"

"Dorrie, na yi wa babana aiki da sunansa, na yi wa Cyril da nasa. Su biyun ina son su, shi ya sa ban ji ciwo ba. Yanzu kuma in je in aro wani namijin don a bar ni in wanke kofunan da nake wankewa tun ina 'yar yarinya? A'a. Su karɓi gidansu."

Na ji haushinta ranar, na kuma gaya mata. Taurin kai na kira abin. Amma da ranar tashi ta zo, ni na tura keken kayanta zuwa gidana, na ba ta ɗakin ɗana da teku ta cinye. Ko waiwayen mashayar ba ta yi ba.

Sabon mai haya Desmond Harker ne, daga garin Leeds aka kawo shi, mai ƙaton ciki da agogon sarƙa. Matarsa Maureen siririya ce, ba ta cika magana ba. Tun ranar farko muka ga wa ke sauka ɗakin ƙasa wurin ganguna, wa ke tsaye a ƙofa yana gaisawa da mutane.

Washegari da aka buɗe da rana, Hilda ta sa kwat ɗinta ta zuwa coci ta ce, "Dorrie, tashi ki raka ni." Na ɗauka ɗakin baya za mu. Sai na ga ta tura ƙofar gaba. Na bi ta. Ta wuce kai tsaye ta zauna a kujerar kusa da murhu, ta ɗora jakarta a cinya.

"Maigida, giya kofi ɗaya," ta ce.

Kowa ya juyo yana kallonta. Harker ya gyara murya. "Baiwar Allah, wurin mata yana baya."

"Na sani. Ni na yi masa fenti. Kofi ɗaya na ce."

Na dubi mazan nan, ina jiran ko ɗaya ya buɗe baki. Waɗanda suka yi aski dominta, kowa ya dulmiya ido a kofinsa. Abin da ya fi ƙona min rai, Walt ne ya matso yana murɗa hularsa.

"Haba Hilda, kada ki ba mu kunya. Kin san yadda ake yi."

"Au, Walt, aurena za ka iya, zama kusa da ni ne ya fi ƙarfinka? Koma ka sha giyarka kafin ta huce."

Harker ya rantse ba zai ba ta ko ɗigo ba. Ya aika aka kira ɗan sanda. Da ɗan sandan ya leƙo ya ga ko wace ce, sai ya cire hula ya ce, "Ina wuni, Inna Hilda," ya juya ya fita. Ita ta riƙa ba shi miya yana yaro, lokacin da ubansa ba ya da aiki.

Haka aka shiga sanyi. Kullum da rana ta zo, ta zauna, ta ce kofi ɗaya, a hana ta, ta yi zamanta har a rufe gidan don hutun rana. Ni ina da aiki, ba kullum nake binta ba, amma duk ranar da na samu dama nakan je in tsaya a bayanta. Maza suka fara gunaguni wai ba sa sakewa su yi ashariya. Wata rana Walt, kunya ta ishe shi, ya sayi kofi ya turo mata a ɓoye. Ta mayar masa. "Da bakina na tambaya, a hannuna za a ba ni," in ji ta.

Ranar da abin ya ƙare, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Hilda ta shigo a jiƙe tana tari, tarin da ya hana mu barci mako guda. Na riga na roƙe ta ta zauna a gida, ta ƙi, sai na biyo ta. Ta zauna, ta faɗi abin da ta saba faɗa, muryarta da ƙyar take fita. Harker ya juya baya kamar kullum.

Maureen ta hauro daga ɗakin ƙasa ke nan, hannuwanta duk datti. Ta tsaya ta kalli Hilda, ta kalli mijinta da ƙaton cikinsa da jar fuskarsa, ta daɗe tana kallonsa. Mu mata mun san lissafin da take yi: in ya faɗi ya mutu gobe, ita ma shekara guda za a ba ta. Ta goge hannu a jikin rigarta, ta ɗauki kofi, ta cika shi.

"Maureen! Me kike yi?"

"Matsa, Desmond, kana tare min hanya."

Ta zagayo da kanta ta ajiye kofin a gaban Hilda. Hilda ta biya, ta ɗaga, ta kurɓa. Sai ta yamutsa fuska kamar wadda aka ɗura wa magani. A lokacin na tuna, tun da nake da ita shayi kaɗai na taɓa ganin tana sha.

"Wannan abin nake sayar muku duk rayuwata?" ta ce. "Lallai kun sha wuya."

Ba wanda ya yi dariya. Ta runtse ido ta shanye shi tas, tana tari tsakanin kurɓa da kurɓa, hawaye na zubo mata. Ta ajiye kofin, ta janyo kujerar da ke kusa da ita da ƙafa.

"Dorrie, zauna, kin tsaya min a ka. Maureen, 'yata, kawo mana biyu."