Muryar Shugaba Kimba

Kimba, shugaban wata ƙungiyar masu kiwo a Dakoro, ba abin da yake ji da shi kamar muryarsa. In ya buɗe baki a taro, shi kansa yakan dakata ya saurari daɗinta.

Da aka cire tsohuwar wayar biro, wato ofishin ƙungiyar, aka sa sabuwa mai bi ta intanet, sai muryar ta riƙa isa ƙauyuka a tsinke. Ya kira Hamdiya, wadda ta haɗa na'urar.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "yanzu yanka murya ake gutsi-gutsi a tura. Wani guntu ya iso da wuri, wani ya makara, kamar awaki in sun taso daga kiwo. Na'urar tana tsare na gaba har na baya su iso. In na tsawaita jiran, murya za ta fita sumul, amma za ta makara."

"Tsawaita shi har ƙarshe."

"Hira za ta yi wuya fa."

"Ni hira nake? Jawabi nake."

Ta yi yadda ya ce. Ran kasuwa ya kira Rabo, wakilin ƙungiyar a Ɗan Gulbi, ya buɗe muryar wayar don baƙin da ke biro su ji.

"Alo, Rabo, ina kwana?"

Shiru. Kimba ya haɗe gira. Yana sake buɗe baki sai ga gaisuwar Rabo ta faɗo kan tasa. Duka suka tsaya, duka suka ce "faɗi mana", suka sake tsayawa.

Kimba ya daure ya ce, "Yaya zafin nan?" Shiru ya yi masa yawa, sai ya zarce: "To mutanenku me suke cewa kan shugabancina?"

Nan take muryar Rabo ta iso, tas, babu ko gargada: "Wallahi mun gaji da shi. Kowa addu'a yake Allah shi kawo ƙarshensa."

Wani baƙo ya ƙware da shayi. Kimba ya kife wayar. Amsar tambaya ta biyu tana hanya, ba ta tarar da kowa ba.

Kafin la'asar an dakatar da Rabo, an kafa kwamitin bincike. Rabo ya zo bisa babur, rawani duk ƙura, ya rantse cewa da zafi yake, ba da shugaba ba. 'Yan kwamiti suka zauna, suka ci nama, suka sake zama. Hamdiya ta ce a bar ta ta rage jiran kaɗan, murya ta ɗan karce amma a fahimci juna. Kimba ya ce muddin yana kan kujera ba mai karce masa murya.

Daga ƙarshe kwamiti ya wanke Rabo, ya wanke na'ura, ya ɗora laifin a kan zafi. Aka kuma kafa doka: duk mai magana a wayar biro, in ya kai aya sai ya ce "na gama", sannan ɗayan ya amsa.

Dokar ta yi aiki ga kowa ban da mutum ɗaya, don Kimba bai taɓa yarda ya furta kalmar ba. Yanzu in ya kira Ɗan Gulbi, Rabo yakan jingine wayar a gindin itacen bedi, ya tafi ya shayar da tumakinsa, ya dawo ya tarar shugaba bai kai rabi ba.