Maɓallin Akawu Makaho

Mutum uku ne a wannan labari: akawu makaho, da shugaban ofishinsu, da mai gyaran kwamfuta.

Akawun ba ya aiki da linzamin kwamfuta, domin ba ya ganin inda kibiyar linzamin take a fuskar kwamfutar. Akwai wani maɓalli a ƙarƙashin hannunsa na dama, wanda in ya danna, sai jerin zaɓi ya buɗe, muryar na'ura ta karanta masa: kwafa, liƙa, sauya suna. Da wannan ya rufa wa iyalinsa asiri shekara da shekaru.

Ran nan aka kawo sababbin kwamfutoci masu wata manhaja daban. Ya laluba, ya ji babu maɓallin.

"Ɗan'uwa, me ake dannawa a wannan?" ya tambayi mai gyara.

"Baba, danna gefen dama na linzami mana. Au, yi haƙuri! Zan bincika maka."

Shiru-shiru mai gyara bai dawo ba, takardu suka taru a teburin akawun, har shugaba ya kira shi ya ce, "Malam, jiki ya gaji, a je gida a huta."

Da mai gyara ya tuna, ya zo da amsar, ashe maɓallai kaɗan ne ake haɗawa. Ya tarar har an fitar da kujerar akawun.

Inda na kuskure, masu karatu su gyara mini.