Layin Ƙarshe a Garin Nyhus

Duane Skjervem, manajan kamfanin wayar manoma, shi da kansa ya kawo kayan a bayan a-kori-kura, ya jibge su a kan teburin shagon Orlin Haugtvedt: baƙar na'ura ɗaya mai faɗin tire, modem takwas, da dunƙulen wayoyi kamar hanjin rago.

"Ka ga wannan," in ji Duane yana dafa na'urar, "ita ce ƙofar intanet. Mutum ya kira daga gida da kwamfutarsa, modem ɗaya ya ɗauka, ita kuma ta shigar da shi. Layi takwas muka ja maka. Gwaji ne fa. In na dawo kafin girbin alkama na ga takwas ɗin nan a cike, ko sau ɗaya ne, ta zauna a Nyhus. In ba haka ba, mu kai ta garin Karlsby."

"Wajen jikokin mutanen ƙasar Siwidin ɗin nan?"

"Su ma mutane ne, Orlin."

"Haka dai ake faɗa."

Orlin ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran rediyo da talabijin a wannan lungu na Dakota ta Arewa, har zamani ya kai ga an daina gyara su, sai jefarwa. Matarsa Arlys ta daɗe da lura shagon ba ya tara komai sai ƙudaje da tsofaffi masu zuwa shan kofi. Ƙanwarta na Arizona, inda ba a kwashe ƙanƙara da shebur kafin a buɗe ƙofa, kuma Arlys ta shekara da shekaru tana ambaton wurin a kowane cin abinci, kamar addu'a. Da ta ji zancen na'urar sai ta ajiye cokali ta ce, "To madalla. Ranar da aka ɗauke ta, mu ma mu ɗauke. A sayar da gidan." Orlin ya ce to, don a tunaninsa ba a taɓa raba gardama da mace da kalma mafi araha ba. Sai daga baya ya tuna Arlys ba ta mantuwa. Shi kuwa a Nyhus aka haife shi, a nan iyayensa suke kwance, kuma bai ga abin da zai yi a ƙasar da ko ciyawa sai an roƙe ta ba.

Ya zauna da littafin na'urar, wanda wani da bai taɓa hira da ɗan Adam ba ya rubuta. Ya jona kowane modem da wayarsa a bayan baƙar na'urar, ya jera su a kan kantar shago daidai taga don su sha iska. Ya haɗa tsohuwar kwamfutarsa ya shiga cikin na'urar. Ta tambaye shi sunan da zai raɗa mata, ya sa mata Borghild, sunan surukarsa, don ita ma ba ta amsawa sai an bi ƙa'ida. Ya sa lambar sirri, ya gaya mata gudun kowane modem, ya ware adireshi takwas da za ta riƙa ara wa masu kira. Kamfanin waya ya riga ya ɗaure layukan a lamba ɗaya, in na farko na aiki kira ya zarce na biyu, har na takwas. Ya gwada daga wayar shago. Modem na farko ya ɗauka da wannan kuka nasa na kyanwar da aka take wa wutsiya, fitilarsa ta yi ja. Orlin ya ɗan yi murmushi, abin da bai cika yi a gaban jama'a ba.

Saura abu guda: gaisuwar da za ta bayyana a allon mai kira kafin ya sa sunansa. Littafin ya ce a rubuta duk abin da aka ga dama. Orlin mutum ne mai son a san halin da ake ciki, sai ya rubuta: Barka da zuwa Nyhus. Ya kuma ɓata yini guda ya koya wa Borghild ta riƙa ƙara faɗin layuka nawa suka rage babu kowa.

Mutane suka yi rajista fiye da yadda ya zata. Manoma na son ganin farashin alkama da hasashen ruwa, mata na son rubuta wa 'ya'yansu da suka gudu birni. Da yamma fitilu suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Ta takwas sai ta yi ja, ta ɗan tsaya kamar mai tunani, ta mutu. Ta sake kamawa, ta sake mutuwa. Orlin ya canza wayarta, ya musanya modem ɗin da na uku, ya hura bayansa. Duk wanda ya zama na takwas haka yake yi.

Amsar ta zo masa a kan faranti. Da safe tsofaffin shago suna zagaye da kek ɗin da Arlys ta aiko, an cinye saura yanka ɗaya. Verdell Brekke, manomi mai wuya kamar na bijimi, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauki wuƙa ya raba shi biyu ya ci rabi. Na kusa da shi ya raba rabin. Kafin kofi ya huce, abin da ya rage a farantin sai an sa tabarau, amma yana nan, ba wanda ya zama mara kunyar da ya cinye.

"Verdell," in ji Orlin a hankali, "jiya da yamma ka kira?"

"Na kira."

"Ya katse maka?"

"A'a, ni na ajiye. Na ga ni na ɗauke na ƙarshe." Verdell ya goge baki. "Wa ya sani ko wani na da uzuri."

"Uzurin me? Kai ba ka da uzurin?"

"Farashin alkama ne kawai. Zai kai gobe." Ya sake duban farantin. "Ba yadda za ka raba min layin biyu, in ɗauki rabi?"

"Ba kek ba ne, Verdell."

"Tambaya na yi."

Abin bai tsaya nan ba. Myrtle Onstad, wadda ta koyar da rabin garin karatu, rabin kuma ta kore su daga aji, ta zauna ta yi nazari, ta kai wa matan coci sakamakon. Wanda ya ɗauki layi na bakwai, in ji ta, ya bar wa maƙwabcinsa zaɓi biyu ne kawai: ko ya haƙura, ko ya yi abin kunya. Saboda haka na bakwai ma bai fita ba. Matan suka ga gaskiyarta. Daga ranar fitila ta bakwai ta koyi mutuwa. Ba a daɗe ba wani ya gano hujjar tana aiki a kan na shida.

Arlys ta fara kawo kwalaye daga kantin kayan masarufi tana tarawa a baranda. Ta dai riƙa yi musu rubutu a gefe da babban alƙalami: Kwanuka. Labule. Tarkacen Orlin.

"Ai ba a ɗauke ta ba tukuna," in ji shi.

"Na ce an ɗauke? Shara nake yi. Ɗaga ƙafarka, tsoho."

Orlin ya koma cikin na'urar ya goge ƙidayar gaba ɗaya, ya bar Barka da zuwa kawai. Da yammar nan ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Tun da ba wanda ya san ko shi ne na ƙarshe, kowa ya ɗauka shi ne. Wayar shago ce ta yi ta ƙara. "Orlin, ba damun ka zan yi ba, akwai mutane a ciki?" "Ba kowa." "Af, to bari in bar wa masu buƙata." Myrtle kuwa sai ta bi gidaje da waya tana tambayar ko akwai mai niyyar shiga, ta toshe layukan unguwa har magariba. Wasu suka riƙa tuƙo mota daga gona, su wuce ta gaban shago a hankali, su ƙirga fitilu ta taga, su koma gida su kira. Kafin su isa lissafin ya canza, don haka sai su fasa.

Ya mayar da ƙidayar, ya je wajen Fasto Rustad. Fasto ya tausaya masa, ya sanar ranar Lahadi cewa bayan cin abincin rana kowa ya kira lokaci guda, don taimakon gari, kuma shi ya ɗauke wa kowa nauyin abin. Bayan abinci Orlin ya zauna gaban kantar shago yana jira. Duk garin na zaune gaban kwamfuta, kowa na ba ɗan'uwansa dama ya fara. Mutum ɗaya ne ya kira, Fasto. Da ya ga shi kaɗai ne, sai ya ji kamar yana nuna kansa, ya ajiye.

Alkama ta fara yin ja. Arlys ta kai ga kwalin Hotuna.

Ranar Litinin Orlin ya shiga baranda ya zari ƙananan kwalaye shida daga cikin nata, ya kai bayan shago. Ya yanke su daidai girman modem, ya shafa musu fenti ruwan toka, ya liƙa wa kowanne jan maɓallin riga a gaba, ya soka musu wayoyin da ba su zuwa ko'ina. Fitilar da ba za ta taɓa kamawa ba ba ta buƙatar wuta. Ya jera su kusa da na gaske. Sannan ya shiga cikin Borghild ya umarce ta da ta riƙa ƙara shida a kan duk abin da ta ƙirga. Bai taɓa yi wa abokin ciniki ƙarya ba tun da ya buɗe shago, kuma ya yi mamakin yadda abin bai fi layi ɗaya na rubutu ba.

Arlys ta same shi da fenti a hannu. Ta kalli abin da ke jere a kan kantar, ta kalle shi.

"Kwalayena ne waɗannan."

"Aro na yi."

"Har ka kai ga haka, Orlin?"

"Har na kai."

Ta daɗe tana dubansa, irin duban da ake yi wa ɗakin da aka gama kwashe kaya. Sannan ta ce maɓallin na huɗu ya karkace, ta gyara masa da yatsa, ta fita.

Labari ya bazu cewa kamfani ya ƙaro layuka. Mutane suka saki jiki. Ranar da Duane ya dawo, da la'asar sakaliya, fitilu takwas na ci jajur, allon kowa na faɗa masa saura shida, kowa na karatunsa da zuciya fara. Duane ya tsaya hannu a aljihu. Ya ƙirga masu ci. Ya dubi sauran shidan, ya matsa kusa, ya ɗan taɓa ɗaya da yatsa, kwalin ya gusa. Shi ya san layi nawa ya ja. Amma shi ma a irin wannan gida ya tashi, sai ya gyara wa kwalin zama, ya mayar da hannu aljihu.

Ƙofa ta buɗe, Myrtle Onstad ta shigo da jakarta a gaba kamar garkuwa.

"Orlin Haugtvedt, na kira sau uku, waya na ce min layi na aiki. Ga shida can a zaune ba sa komai. Ko dai ba ka iya ƙidaya ba har yanzu? Da ma can ba ka iya ba."

Orlin ya saci kallon Duane.

"Waɗannan na baƙi ne, Malama Onstad," in ji Duane.

"Na baƙi?"

"In an yi baƙi daga nesa. Kar su zo su tarar ba komai."

Myrtle ta sake duban kwalayen, fuskarta ta sauko. A banɗakinta akwai tawul masu ado da ba a taɓa goge hannu da su ba tun bikinta. "To, wannan tunani ne," in ji ta. "Ba zan ce daga gare ka ya fito ba, Orlin." Ta juya ta tafi jiran wani ya sauka.

Duane ya sa hularsa. "Ta zauna," ya ce. "Wata mai zuwa zan ƙaro maka takwas, na gaske. Sai dai fa tana son mai kula kullum, rani da hunturu. Ba tafiya."

"Ba inda za ni," in ji Orlin.

Ya rufe shago da wuri, ya taka zuwa gida yana gaishe da mutanen da ya yi shekaru bai fara gaishe su ba. Ya tarar da Arlys a kicin tana naɗe kofuna da jarida. Ya gaya mata. Ta ce ta taya shi murna, kuma da gaske take, har ta sumbace shi a goshi.

"To kwashe kayan me kuma kike yi?"

"Nawa ne. Naka na mayar maka ɗaki tun jiya."

"Arlys, ai ni na ci."

"Ka ci mana. Wa ya ce ba ka ci ba? Gida na nan, ba wanda zai sayar. Ka samu abin da zai riƙe ka, hankalina ya kwanta. Da can tsoro nake ji in bar ka ba ka da abin yi." Ta miƙa masa jarida. "Riƙe min nan."

Ya riƙe.

Mijin ƙanwarta ya zo da doguwar mota kafin ƙanƙarar farko. Sallamar ta fara a falo, ta koma baranda, ta ƙare a tagar mota injin na aiki, kamar yadda aka saba. Arlys ta gaya masa miyar da ta daskarar za ta kai shi Kirsimeti in bai yi haɗama ba, kuma kar ya sa rigar ulu a ruwan zafi. Ta ce za ta dawo da bazara ta gani. Ba ta faɗi abin da za ta gani ba, shi kuma bai tambaya ba.

Da motar ta sha kwana, ya shiga gida ya sa kwat ɗinsa ya nufi shago. Duane na can bakin ƙofa da sababbin modem takwas a kwali, yana buga ƙafa a ƙasa saboda sanyi.